Wai me ya sa Turawa ke zuba kuɗi wajen sayen tsofaffin takardun tallan giya?

Duk lokacin da aka saka bidiyon gwanjon kayan da na Amurka ko Ingila, irin wanda za ka ga an ɗago wani ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba, ya yi ja don tsufa, a ce wai na koyar da haɗa giya ne kuma an taya shi ɗaruruwa ko ma dubban daloli, tambayar da mutanenmu ke yi ɗaya ce: shin waɗannan mutanen lafiyarsu ƙalau kuwa? Wasu su ce ai mashaya ne kawai kuɗi ya yi musu yawa, wasu su ce wata hanyar ɓoye kuɗin haram ce, wasu kuma, kuma su ne suka fi ba ni tsoro, nan take sai su fara lissafin cewa duk wata tsohuwar takarda da ke ƙasan akwatin kaka ta zama jari.

Bari in faɗa tun yanzu, ba tallan giya na zo yi ba, hukuncinta a wurin musulmi a fili yake ba sai an tsaya ja-in-ja ba. Takardar nake so mu duba. Don mai sayen nan ba abin cikin kwalba yake saye ba, shaida yake saye, shaidar abin da kamfani ya gaya wa mutane a wata shekara, da abin da doka ta bari ya faɗa da wanda ta hana shi.

Su waɗanne takardu ne ake magana a kai?

Koktel dai shi ne gaurayen abin sha da ake haɗa barasa mai ƙarfi irin su wiski, jin, ram ko bodka da wasu abubuwa kamar sukari, ruwan lemon tsami, ƙanƙara da wani ruwa mai ɗaci da ake ɗigawa kaɗan. Kowane haɗi da sunansa da awonsa, to awon nan shi ake rubutawa.

Akwai littattafai na sosai masu bango da ma'aikatan mashaya suka rubuta don 'yan uwansu masu sana'a. Akwai kuma ƙananan ƙasidu na kyauta da kamfanonin giya suka riƙa bugawa, 'yan shafuka kaɗan a haɗe da ƙarfen sitefula, ana rataya su a wuyan kwalba ko a cusa a tsakiyar mujalla ko mai shago ya ajiye a kan kanta kowa ya ɗauka. Sai tarkacen shagon giyar kansa, wato jerin farashi, kalanda mai sunan shago, kwalin ashana, rasit, katin gaisuwar Kirsimeti, faifan kwalin da ake ɗora kofi a kai, takardar tsotse tawada ta zamanin alƙalami, da kwalayen da ake kafawa a taga.

Abin da ya haɗa kashi na biyu da na uku shi ne ba a buga su don a ajiye ba, an buga su ne don a duba sau ɗaya ko sau biyu a yar. Tara irin waɗannan takardun yarwa fanni ne mai zaman kansa a can, ba na giya kaɗai ba, har da tikitin jirgin ƙasa da takardar gayyata da tallan sabulu. Wani mai zanen talla, Maurice Rickards, ya kafa ƙungiyar Ephemera Society a Ingila a 1975, Amurkawa suka kafa tasu a 1980. A ɗakin karatu na Bodleian da ke jami'ar Oxford akwai tarin da John Johnson, tsohon shugaban maɗaba'ar jami'ar, ya bari, takardu sama da miliyan ɗaya, kusan duk abin da a zamaninsa shara ne. Ka ga kenan ba haukan mutum ɗaya ba ne.

Daga ina abin ya faro?

A ranar 13 ga Mayun 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta amsa wa wani mai karatu tambayarsa kan mene ne koktel, ta ce barasa ce da sukari da ruwa da ruwan ɗaci. Wannan 'yar amsar ita masu binciken fannin ke yawan komawa gare ta har gobe, kuma lura, a shafin jarida take, takardar da ake karantawa yau gobe a kunna wuta da ita.

Littafin farko na haɗa irin waɗannan abubuwan sha a Amurka ya fito a 1862, na wani ma'aikacin mashaya Jerry Thomas, mutumin da ya yi suna wajen juye wiski mai ci da wuta daga wannan kofi zuwa wancan. Kafin shi sana'ar a baki take, maigida ya koya wa yaronsa shi kenan. Bugun farko na littafinsa shi ne wanda idan ya fito gwanjo da lafiyarsa ake maganar dubban daloli.

Wanda ni ya fi ja min hankali shi ne na Tom Bullock, baƙar fata haifaffen Louisville, wanda ya buga The Ideal Bartender a 1917, shi ne littafin koktel na farko da baƙar fatar Amurka ya wallafa. Yana aiki ne a wani kulob na masu kuɗi a St. Louis, wurin da mutum irinsa zai iya tsayawa bayan kanta ya yi hidima amma ba zai zauna a matsayin mamba ba, kuma wanda ya rubuta masa gabatarwa shi ne George Herbert Walker, kakan shugaba Bush babba. Shekara uku bayan fitowarsa aka haramta sana'ar gaba ɗaya. Littafi irin wannan ko masanin tarihin baƙaƙen Amurka da bai taɓa ɗanɗana giya ba zai neme shi.

Shekara 13 na haramci

Nan ne gishirin labarin yake. Daga 17 ga Janairun 1920 zuwa 5 ga Disambar 1933 kundin tsarin mulkin Amurka, ta hanyar gyara na 18, ya hana yin giya da sayar da ita da safararta. Shan kansa ba a hana ba, wanda ya cika rumbunsa kafin ranar yana iya sha a gidansa, shi ya sa masu hali suka yi ta jida. Dokar Volstead da ta fayyace yadda za a aiwatar da haramcin ta hana har tallan giya. To shagunan da suka rufe me za su yi da kwalaye da kalandu da jerin farashi? Mafi yawa aka ƙona ko aka zubar. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa duk takardar shagon giya ta kafin 1920 take da wuyar samu.

Amma haramcin ya haifi nasa takardun, kuma wallahi wasu sai ka yi dariya. Doka ta bar ƙofar magani a buɗe, likita na iya rubuta wa mara lafiya wiski, kwatankwacin rabin lita duk kwana 10, a kan wani fom na musamman da baitulmalin gwamnatin tarayya ke bugawa mai lamba, mutum ya kai kantin magani a ba shi. Kamfanoni shida aka ba lasisin sayar da wannan wiskin "magani", cikinsu har da Brown-Forman da ke nan har yau. Fom ɗin nan da aka cike da hannun likita da hatimin kantin magani yanzu abin nema ne, kuma da ka gan su da yawa ka san cewa ciwon da ya kama Amurkawa a shekarun nan ba ƙarami ba ne. Masu gonakin inabi na Kalifoniya su kuma suka koma sayar da daskararren ruwan inabi, a jikin kwalin a rubuta gargaɗi cewa kar ka kuskura ka jiƙa shi a ruwa ka ajiye kwana kaza don zai zama giya, wato an ba ka darasin kenan da sunan gargaɗi.

Ma'aikatan mashaya da dama suka bar ƙasar. Harry Craddock ya tafi Landan ya kama aiki a otal ɗin Savoy, a 1930 ya fitar da littafin da ke ɗauke da sunan otal ɗin, mai ɗaruruwan haɗe-haɗe da zane-zane masu kala na yayin lokacin, wanda masu son zane ma ke nemansa ba sai masu son abin sha ba. Masu kuɗin Amurka kuma suka riƙa tsallakawa Kyuba, tafiyar da ba ta da nisa daga Florida, su sha su dawo, mashayun Habana irin su Sloppy Joe's da La Florida suka riƙa buga 'yan ƙananan ƙasidu a shekarun 1930 suna ba baƙi su tafi da su gida a matsayin tsaraba, a ciki har da tallan otal da sigari da kamfanin ram. Waɗannan na Kyuba suna cikin masu daraja a kasuwar yanzu don ba a buga su da yawa ba kuma takardar ba ta da ƙwari.

Bayan 1933: doka ce ta haifi ƙananan ƙasidun

Da aka soke haramcin kamfanoni suka tarar da matsala biyu. Ta farko, an samu matasan da suka girma ba su san komai ba sai giyar fasa-ƙwauri mai ƙona maƙogwaro, ƙwararrun masu haɗawa kuma wasu sun mutu wasu sun canza sana'a, shan kuma ya koma cikin gida, mata da maza tare, ba mashayar maza zalla irin ta da ba. Dole a koya wa maigida da uwargida yadda za su haɗa da kansu. A 1935 wani kamfani a Boston ya fara buga jan littafin nan na Old Mr. Boston wanda aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru har aka sayar da miliyoyi.

Matsala ta biyu ita ce doka. Kafin haramci kamfanin giya kan mallaki mashaya ko ya ɗaure mai ita da bashi ya tilasta masa sayar da kayansa kaɗai, kuma ana ganin wannan na cikin abin da ya lalata al'amura tun farko. Sai aka raba sana'ar gida uku, mai yi daban, dillalin sari daban, mai shago daban, dokar tarayya ta 1935 ta taƙaita irin kyautar da kamfani zai iya yi wa mai shago. Takarda mai arha tana cikin 'yan abubuwan da ake iya wucewa da su, shi ya sa za ka ga ƙasidar kamfani ce amma a bayanta an bar fili mai shago ya buga hatiminsa da adireshi da lambar waya. Kowace jiha kuma aka bar ta ta yi dokarta. Wasu irin Pennsylvania gwamnati ce da kanta ta buɗe shagunan tana buga jerin farashi, har yau jihohi 17 na da hannu kai tsaye a cinikin barasa mai ƙarfi, Mississippi kuwa ba ta janye haramcinta ba sai 1966.

Ga kuma babban dalilin da mutane ba su cika sani ba. Kamfanonin barasa mai ƙarfi, don tsoron kar a sake taso musu, sun hana kansu talla a rediyo tun 1936, suka ƙara da talabijin a 1948, kuma ba su karya wannan alkawari ba sai 1996 lokacin da kamfanin Seagram ya saka tallan wiskinsa Crown Royal a wata tashar talabijin a Texas. Shekara sittin kenan masu giyar biya da giyar inabi na shiga gidajen mutane ta akwatin rediyo da talabijin su kuwa masu wiski da jin sai takarda, mujalla, allon bakin titi, kalanda, ƙasida. Duk kuɗin tallan da za a kashe a iska sai ya zube a maɗaba'a, aka ɗauko masu zane na gaske da masu hoto na gaske. Kamfanin Southern Comfort kaɗai ya yi ta cusa ƙasidunsa a tsakiyar mujallu shekaru da dama. Ƙa'idar da suka sa wa kansu ta ma hana saka hoton mace a talla har 1958.

Idan ka jera ƙasidun nan shekara bayan shekara sai ka ga Amurka na canzawa a gabanka. Bodka da a shekarun 1930 kusan ba wanda ya san ta, Smirnoff ya tura ta da haɗin da ake kira Moscow Mule a shekarun 1940, zuwa tsakiyar shekarun 1970 ta zama ita ce kan gaba a ciniki. Ruwan lemon da ake matsewa da hannu ya ɓace garin leda ya maye gurbinsa, injin markaɗe ya shigo kicin, kayan jikin mutanen cikin hoto da kujerun falonsu duk suna sauyawa.

Me ya tayar da kasuwar?

Har zuwa shekarun 1980 waɗannan takardu ba su da wata daraja, a kwali ake haɗa su da tsofaffin mujallu a sayar da su kuɗin shayi. Abin da ya canza shi ne ma'aikatan mashaya sun fara komawa tsohon ilmi. Dale DeGroff, da aka ba shi mashayar Rainbow Room a New York a 1987, littafin Jerry Thomas maigidansa ya ce ya je ya nemo. Daga nan abin ya bazu, aka kafa gidan tarihin koktel na Amurka a 2004 wanda ya zauna a New Orleans, marubuci David Wondrich ya fitar da bincikensa kan Jerry Thomas a 2007, eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kuma ta sa mai takarda a ƙauyen Ohio ya haɗu da mai nema a Tokyo.

Kuma tsohuwar takarda ta riƙa juyewa ta zama kuɗi a zahiri, wannan shi ya sa 'yan kasuwa suka shigo. Wani haɗi mai suna Last Word ya ɓace shekaru, wani ma'aikacin mashaya a Seattle, Murray Stenson, ya tsinto shi a wani littafin 1951 a farkon shekarun 2000, yau kusan ba babban birnin da ba a sayar da shi. Wani kuma, Aviation, a littafin Hugo Ensslin na 1916 akwai wani ruwan fure mai launin shunayya a cikinsa, da Craddock ya kwafe shi a 1930 sai ya bar wannan sinadarin, duniya ta bi Craddock shekara da shekaru, sai da aka koma asalin takardar aka gane, har wani ɗan kasuwa ya fara shigo da ruwan furen Amurka a 2007 don masu nema sun yi yawa. Kwafe-kwafen nan kuwa ruwan dare ne, don dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta kare jerin kayan haɗi zalla, saboda haka sai an jera bugu-bugu kafin a san wa ya fara wa ya kwafa wa ya yi kuskure.

Me ke sa takarda tsada, me ke sa ta zama shara?

Nan ne masu lissafin akwatin kaka za su ɗan ji ba daɗi. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Mafi yawan ƙasidun kamfanoni na shekarun 1950 zuwa 1970 an buga su ne da yawan gaske, kuma mutane sun cusa su a durowar kicin sun manta, saboda haka suna nan birjik, daloli kaɗan ake sayar da su, wani lokaci kuɗin aikowa ya fi kuɗin kayan. Masu dubban daloli 'yan ƙalilan ne, bugun farko na sanannun littattafai, ko wanda marubucin ya sa wa hannu, ko na wata mashaya mai tarihi. Sai abu ya yi ƙaranci, kuma akwai masu nemansa fiye da ɗaya, kuma lafiyarsa ƙalau, sannan farashi ke tashi. Jerin farashin wani ƙaramin shago na iya zama shi kaɗai ya rage a duniya amma in ba wanda ya damu da garin to ba mai taya shi. Ku tuna abin da ya faru a Saudiyya a 2009, da aka baza jita-jitar wai akwai jan sinadarin makyuri a cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta saye da tsadar hauka, ƙarshe keken ɗinki dai keken ɗinki ne.

Masu harkar suna da hanyoyin gane shekarar takardar da ba ta da kwanan wata. In adireshin kamfani na ɗauke da lambar yanki mai lamba biyar ta gidan waya, to a 1963 ko bayanta aka buga ta don a shekarar aka fara amfani da ita. In hoton kwalba ya nuna mililita 750 maimakon tsohon awon Amurka, to ƙarshen shekarun 1970 ne ko bayansu don daga 1980 sabon awon ya zama dole. Zanen layi-layin da ke jikin kaya wanda ake haskawa a wurin biyan kuɗi bai shiga shaguna ba sai daga 1974. Tsarin lambar wayar da ke hatimin shago shi ma yana tona shekaru.

Sai maganar jabu da sabon bugu. Kamfanoni irin Cocktail Kingdom na sake buga tsofaffin littattafan daidai da kamanninsu na asali, su ba yaudara suke yi ba sun rubuta, amma wani na iya saye ya tsufar da shi ya kai wa wanda bai sani ba. Wanda kuma abin da ke ciki kawai yake so ya karanta ba sai ya kashe ko kwabo ba, gidan tarihin EUVS, wanda Paul Ricard ya kafa a tsibirin Bendor na Faransa a 1958, ya ɗora hotunan tsofaffin littattafan da yawa a intanet kyauta. Abin mamaki wannan bai karya farashin na asali ba, sai ma ya ƙara sanar da mutane cewa akwai su.

Takardar kanta tana cin kanta, don irin mai arha wadda aka yi da markaɗaɗɗen itace tana da tsami a jikinta, shi ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Ƙarfen sitefula ya yi tsatsa ya ci tsakiya, danshi ya kawo ɗigo-ɗigo. Mafi muni shi ne gyaran mai gida, a liƙa salatif a inda ya yage ko a kai a yi mata laminatin, duk wanda ya yi haka ya kashe darajarta da hannunsa.

Masu so da masu suka

Masu tarawa da masana tarihi hujjarsu ita ce wannan takarda ba ta san za a karanta ta bayan shekara tamanin ba, saboda haka ba ta yi kwalliya don tarihi ba. Tana nuna farashin gaske, unguwar da shago yake, wa ake so ya saya, wa ake nunawa yana sha wa kuma ake nunawa yana riƙe da tire. Tallan wiski da yawa na farkon ƙarni na 20 baƙar fata a matsayin bara mai murmushi suke nuna shi, kuma gidan tarihin Jim Crow da ke jami'ar Ferris State a Michigan irin waɗannan kayan cin mutuncin yake tarawa da gangan don kar wani ya zo gobe ya ce ba a yi ba.

Masu suka kuma na cewa duk wannan ƙawata guba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2024 ta ce mutum miliyan 2.6 ne suka mutu a 2019 ta dalilin barasa, kuma hoton ma'aurata masu fara'a a falo ba ya nuna hanta da ta lalace ko haɗarin mota ko matar da aka doka. Suna ƙarawa da cewa kamfanonin yau na amfani da tsohon zanen don sayar da sabuwar kwalba, wato mai tarawa na yi musu talla kyauta. Ni a ganina suna da gaskiya a nan, amma maganin ba ƙona takardun ba ne. Jami'ar Stanford ta tara dubban tsofaffin tallan taba sigari, har da waɗanda aka sa likitoci suna yabon sigari, kuma da su ake nuna yadda kamfanoni suka yaudari jama'a. Takarda ɗaya ce, wani ya rataya ta a falo don sha'awa wani ya kai ta aji ya tona asiri.

Ta fuskar addini kuwa, hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, shi ya sa musulmi da yawa ko kusa da abin da ya shafi tallanta ba sa so su je. Akwai tazara tsakanin ɗalibin tarihi da ke nazarin takarda a ɗakin karatu da wanda ya mai da saye da sayar da tallan giya sana'arsa, wanda ke tunanin shiga ciki don neman kuɗi ya fara zuwa wurin malaminsa kafin ya buɗe asusun eBay.

To mu ina ruwanmu?

Akwai ruwanmu, don Arewacin Najeriya ya riga Amurka zama yankin haramci. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba Turawan mulkin mallaka damar hana shigo da barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, Lugard kuma ya ɗora wannan a kan Arewa, alhali a Kudu harajin jin da ake shigowa da shi daga Holan da Jamus shi ne kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnati, har a wasu wurare kwalbar jin ta zama kamar kuɗi ana ciniki da ita. Takardun lasisi da rasit na kwastan da tallan jaridun Legas na wancan zamani su ne shaidar wannan bambanci. Giyar Star ta fara fitowa a Legas a 1949, Guinness ya buɗe masana'anta a Ikeja a 1962, kamfanin Star ya buɗe tasa a Kaduna a 1963, kuma kalandu da allunan da suka riƙa rabawa a Sabon Gari na nuna yadda aka sayar wa sabon ma'aikacin gwamnati giya a matsayin alamar wayewa. Wanda zai rubuta tarihin yadda aka zo ga dokokin shari'a na 1999 da 2000 da fasa kwalaben da Hisba ke yi a Kano yana buƙatar irin waɗannan takardu, in gara ta bar su.

Sai wani abu da ya fi kusa da mu, wato Chapman, jan abin shan nan na gidan biki da otal da kowa ke ɗauka lemo ne zalla. A haɗinsa na asali, bayan Fanta da Sprite da jan sirof da kokwamba, ana ɗiga Angostura, ruwan ɗacin nan mai ƙaramar kwalba da takardar jikinta ta fi ta girma. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya fara haɗa shi a Benezuwela a 1824 a matsayin maganin ciki, yanzu a Trinidad ake yinsa, kuma kamfanin na cikin waɗanda suka daɗe suna raba ƙananan ƙasidun da muke magana a kai, inda suke koya wa mutane saka shi a abin sha da miya da kayan zaƙi. A jikin takardar kwalbar an rubuta ƙarfin barasar da ke ciki, kashi 44.7 cikin ɗari, ya fi na yawancin wiski. Ɗigo kaɗan ake sawa, kuma masu haɗa Chapman da yawa musamman a Arewa ba sa sawa sam, amma wanda abin ya dame shi ya tambayi mai haɗawa ko ya ce a nuna masa kwalbar ya karanta da kansa.